Ƙarfen da Kawu Ya Ɗaga

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawu dai ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon direban motar haya tsakanin Katsina da Maraɗi. Ya yi sallar asuba a masallacin unguwarmu ta Ƙofar Kaura, ya dawo gida ya ce a dama masa kunu, kafin a sauke tukunya rai ya yi halinsa. Bai yi jinya ba, bai wahalar da kowa ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Ƙofar gidan ta cika har tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci. Tsofaffin direbobi daga tasha suka zo a jere, kowa da labarin ranar da motarsa ta mutu a hanyar Jibiya, Kawu ya tsaya ya kwanta ƙarƙashinta da farar rigarsa. Limamin unguwa, wanda ya daɗe yana yi masa nasiha a kan wasan da ya ɗauke masa hankali, ya girgiza kai ya ce, "Na yi ta hwaɗa da shi bisa wasan nan, amma wallahi ban taɓa juyowa daga magariba na rasa shi a sahun gaba ba." Mahaifiyata kuwa ta daure tun safe, tana karɓar gaisuwa ido a bushe, har mata suna yaba ƙarfin zuciyarta. Sai da ta fito zaure ta ga jakar ƙarafan wasansa rataye a ƙusa, inda yake rataye ta kullum, sannan ta durƙushe a wurin. Inna, matar Kawu, ita ce ta ɗaga ta, tana cewa, "Tashi, tashi. Ni da na yi shekara arba'in ina kishi da jakar nan ban yi kuka a gabanta ba, sai ke?"

Washegari da hantsi wani tsoho ya sauka daga babur a bakin layi, da sanda a hannu, da tabarau mai kauri. Baba na unguwar Kambarawa ne, tela, aminin Kawu na ƙuruciya, wanda rabonsa da taka ƙofar gidan nan shekara goma sha takwas ke nan. Labarin rasuwar bai iske shi da wuri ba, don haka bai samu jana'iza ba. Ya zauna, aka gaisa, aka yi addu'a aka shafa. Sai ya gyara murya yadda kowa zai ji, ya ce:

"Jama'a ku shaida. Abin da ya yi mani a hilin wasa, wanda da yawanku kun sani, na yahe mashi duniya da lahira. Allah shi yahe mamu baki ɗaya."

Mutane suka ce madalla, wasu har da share hawaye. Ni kaɗai na kasa ɗaga kai, domin na san abin da aka yafe wa Kawu a wurin nan, asalinsa nawa ne. An rufe shi da sunan mutumin da ya cuci amininsa saboda kofi, alhali ba haka aka yi ba, kuma duk duniya ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Dalilin wannan rubutu ke nan. Ina so a tuna da Kawu, amma ina so a tuna da shi daidai.

Bari in fara da wasan, don wanda bai san shi ba. A Maraɗi Kawu ya gano shi, lokacin da yake zaman jiran lodi a tasha. Can suna ce masa bul, mu nan muka ce wasan ƙarfe, saboda ƙwallayen na ƙarfe ne, kowane ya ɗan fi lemon zaƙi girma. Ana jefa wata 'yar ƙwallon katako gaba, muna kiranta 'yar auta. Sai ƙungiya biyu, mutum uku-uku, su riƙa shiga da'irar da aka zana a ƙasa suna gara ƙarafansu. Wanda ƙarfensa ya fi kusa da 'yar auta shi ke da maki, ƙungiyar da ta riga kai sha uku ita ta ci. A baki abin ba wuya, amma na ga dattawa masu jikoki sun kwana uku ba su yi wa juna magana ba a kansa.

Da ƙarafa guda shida ya fara, a cikin tsohon buhun shinkafa. Ya share wani fili bayan garejin makanikai, ƙarƙashin itatuwan bedi, ya riƙa jifa shi kaɗai bayan la'asar. Mutane suna wucewa suna cewa, "Allah sarki, babban mutum da gemu shina wasan gara dutse." Bai kula su ba. Mutum na farko da ya tuɓe takalmi ya shiga da'irar tare da shi shi ne Baba na Kambarawa. Tare suka tashi a Ƙofar 'Yandaka, rana ɗaya aka yi masu kaciya, Baba ne babban abokin ango a auren Kawu, kuma shi ke ɗinka masa kaya tun yana saurayi, ba ya ma auna shi, kallo ɗaya ya isa. Cikin 'yan shekaru unguwa shida suka kafa ƙungiya, aka tsara gasa, kowace Asabar da Lahadi in ba azumi ba. Har kofi muka samu, wani mai ƙera tukwanen dalma ya zuba mana shi, ya fito a karkace, in an ajiye shi sai an tokare da dutse.

Ni malamin lissafi ne a makarantar firamare, kuma na yi shekaru a aji, amma in ana maganar koyarwa ban kama ƙafar Kawu ba. Kafin kowane wasa sai ya cire takalmi ya taka filin daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ba ya ɗauke tsakuwa ko ɗaya. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu share su mu huta ba, ya ce, "In ka share na nan, wa zai share maka na hilin Kambarawa? Ka san inda suke, shi ke nan, ka gyara hannunka." Na daɗe kafin in gane cewa haka yake zaune da mutane ma. Bai taɓa ƙoƙarin canza halin kowa ba, sanin halin yake yi ya bi ta gefe.

Akwai masu ajiya a wasan, waɗanda ke lallaɓa ƙarfe ya je ya kwanta kusa da 'yar auta, akwai kuma masu duka, waɗanda ke jifa da ƙarfi su fitar da na abokin hamayya. Kawu mai ajiya ne. Ni kuwa da ƙuruciya ta ɗebe ni, duka nake so, don in ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya yi ƙara, 'yan kallo sukan yi sowa. Sai ya kalle ni ta ƙasan ido ya ce, "Kai ɗan nan ƙara kake so, ba maki ba. To an ji ƙarar. Mi muka samu?" In kuma wani ya yi jifar ƙarshe ya ɓarar, muka taso masa, Kawu sai ya tare: "Ku ƙyale shi. Mu biyu muka ɓata tun hwarko, har ya zama sai jifa tai ɗaya za ta cece mu. Ku zage ni in zagi kuke so." Ba wanda ya taɓa karɓar wannan tayin.

Ya kafa doka cewa da ladan ya ɗaga murya, wasa ya tsaya. Na ga ranar da aka yi sha biyu da sha biyu, ƙarfen ƙarshe yana hannunsa, har ya ja hannu baya, sai aka kira magariba. Ya sauke hannun. Ya bi kowane ƙarfe ya zana masa zobe da yatsa a ƙasa, ya ce gobe a ci gaba daga nan. Washegari ya zo ya jefa, ya ɓarar, muka faɗi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da jiya ya jefa ma haka za a yi, bambancin kawai da ya rasa raka'a ɗaya.

Wani abokin wasanmu, tsohon ma'aikacin gidan ruwa, ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun damansa ya mutu. Ya daina fitowa, kunya ta hana shi. Kawu ya je har gida ya ɗauko shi a mota, ya ce ya koyi jifa da hagu. Mutumin ya ce yara za su yi masa dariya. Kawu ya ce, "To su yi mamu mu biyu." Shekara guda cur Kawu bai taɓa ƙarfe da dama ba. Mun sha kashi a wannan shekarar har muka zo na ƙarshe a gasa, muna ta gunaguni a bayan idonsa, shi kuwa ko a jikinsa.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Kawu yana da zafin baki, kuma tunda nake ban taɓa jin kalmar "yi haƙuri" ta fito daga bakinsa ba. In ya san shi ne da laifi, sai dai in ya dawo daga Maraɗi ya sayo cuku, ya ajiye a gaban mutum ba tare da ya ce komai ba. Inna takan ce, "Duk ranar da na ga cuku bisa hwaihwai, na san na ci shari'a." Ta ce a farkon aurensu har ta gaji da cinsa.

Babbar dokarsa ita ce ta awo. In ƙarfe biyu suka yi kusa da 'yar auta har ido ya kasa rabewa, sai a zaro tsinken tsintsiya. A kafa bakinsa jikin 'yar auta, a danne da farce daidai inda ya taɓa ƙarfe na farko, sannan a juya da wannan tsawon zuwa na biyu. In tsinken ya wuce, na biyu ya fi kusa. In ya gaza, na farko ne. Ɓangaren da ya yi jifar ƙarshe shi ke aunawa, ɗayan yana kallo. Kuma ba hannun da zai taɓa ƙarfe sai shugaban kowace ƙungiya ya buɗe baki ya ce, "Na yarda." Kawu ne ya kafa wannan, ya kuma kore mutane daga fili a kanta. Yakan ce da zarar an ɗaga ƙarfe, gaskiya ta tashi tare da shi, ba mai iya maido ta inda take.

Ranar da abin ya faru, wasan ƙarshe ne na gasa, mu Ƙofar Kaura da Kambarawa. Kawu ke jagorantar mu, Baba ke jagorantar su. Filin ya cika, har makanikai sun ajiye aiki sun hau kan motoci. A kan benci na gaba akwai mahaifin yarinyar da nake nema, wanda har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana dai bincike a kaina. Aka kai sha biyu da sha biyu. Ƙarafa suka ƙare, ya rage nawa da na Baba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ido ba ya iya rabewa. Mu muka yi jifar ƙarshe, Kawu ya miƙo mini tsinke ya ce malamin lissafi ya auna.

Na durƙusa na auna na Baba, na danne da farce. Ina juyowa wajen nawa, tun kafin in kafa tsinken na ga zai gaza, da kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Ma'ana Baba ya ci. Ban san lokacin da na yanke shawara ba, ban ma tabbata na yanke ba. Na dai ji farcena ya ja baya kaɗan. Na kafa tsinke, ya wuce. 'Yan unguwarmu suka ɓarke da ihu.

Baba tela ne, ya yi rayuwarsa yana kallon awo. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "A sake. Hannun yaron nan ya motsa."

Kawu yana tsugune dab da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa, kuma na san ya gani. Da an sake awon, da kowa ya ga abin da na yi, a gaban ɗalibaina, a gaban mutumin da ke kan benci. Kawu ya kalle ni. Ya juya ya kalli bencin. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaga ƙarfena daga ƙasa, ya miƙe tsaye ya ce, "An gama."

Baba ya ce, "Ban ce na yarda ba."

"An gama na ce."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, kamar bai yarda da abin da idonsa ya nuna masa ba. Ya ce, "Daga bakinka dokar nan ta hito, Alhaji. Ashe kohin dalma ya hi ta daraja a wurinka." Ya tattara ƙarafansa ya zuba a jaka ya tafi, bai waiwayo ba. Daga ranar bai sake taka filin ba. Ƙungiyar Kambarawa ta watse sai bayan shekara biyu matasa suka tada ta.

Da muka isa zauren gida Kawu ya miƙo mini kofin ya ce, "Kai shi ɗakinka. Kada in ƙara ganin shi." Na zaci shi ke nan, ya kore ni daga wasa. Asabar ta zagayo, ina laɓe a bayan 'yan kallo, aka samu ƙarfe biyu da ke buƙatar awo, sai na ji muryarsa: "Ku ba ɗana tsinke." Na fito na durƙusa, ya tsuguna dab da ni kamar rannan. Haka ya yi mini shekara goma sha takwas. Duk awon da ya taso, ko wasan ba namu ba ne, ni zai kira, kuma yana tsugune a gefena yana kallon farcena. Ban sake zamewa ba ko da tsawon gashi. A hankali sunana ya fita, har daga wasu unguwanni ake aiko a ɗauke ni in yi masu awo, wai hannuna ba ya ƙarya.

Na auri yarinyar. Yau 'ya'yanmu biyar, babbar tana ajin ƙarshe na sakandare. Ni na samu mata, na samu suna. Kawu kuwa, duk lokacin da ya tsawata wa wani a kan doka, sai ka ji an yi ƙasa da murya an ce, "Su Alhaji manya, a dai bar tuna baya." Yana ji, mai zafin bakin nan, sai ya haɗiye. Duk tafiyar da ya yi Maraɗi sai ya aika da cuku Kambarawa, kuma duk aiken sai an dawo da shi a ƙullinsa. Bai kai ɗinki wurin wani tela ba sai da rigunansa suka fara yagewa a wuya, da ya kai kuma ba wadda ta zauna masa daidai. Hotunansa na shekarun baya duka, in ka duba, hannun rigar ya yi masa tsawo.

Sau ɗaya na gwada. Muna zaune a zaure yana goge ƙarafansa da tsumma da ɗan man inji, na ce, "Kawu, maganar ranar nan ta wasan Kambarawa..." Bai ɗago ba. Ya ce, "Hannuna ya ɗaga ƙarhen, wannan nawa ne, ni zan amsa shi. Wanda ke naka, ka san shagon da za ka kai shi." Na ce to. Na yi niyyar zuwa bayan sallah, sannan bayan haihuwar matata, sannan in an yi hutun makaranta. Sau nawa na bi ta gaban shagon Baba a kan babur, ina jin ƙarar kekensa, in ƙara mai in wuce. Kawu bai sake tada maganar ba, ba halinsa ba ne ya tura mutum. Jira ya yi, ni kuma na bar shi yana jira har ya mutu.

In aka tambaye ni ko daidai ya yi a ranar, zan ce a'a. Ya karya dokarsa, ya zalunci amininsa, kuma ya sani. Amma ba don kofi ya yi ba. Ɗan ƙanwarsa ya gani a bakin rami, ya fizgo shi, shi ya faɗa. Ina jin zafin wannan fiye da zafin mutuwarsa, kuma ina jin kunyarsa fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, 'yan wasa na unguwanni shida suka taru a filin bayan gareji don yi masa addu'a. Aka aika wa Baba, ya zo, aka ba shi kujera a inuwar bedi. Bayan an shafa, babban makanikin garejin ya miƙe da jakar Kawu a hannu, Inna ce ta aiko da ita. Ya ce an yi shawara, ni za a damƙa wa jakar da jagorancin gasa, domin shekara da shekaru ba a taɓa kama hannuna da ha'inci ba. Aka ce haka ne, haka ne. Ya miƙo mini.

Ban karɓa ba. Na miƙe na faɗi duk abin da na rubuta a sama, ban rage ba. Na ce ƙarfen Baba ne ya fi kusa, da tsawon ƙwayar shinkafa. Na ce farcena ne ya ja baya, Kawu ya gani, ya ɗaga ƙarfe don ya rufa mini asiri a gaban surukina. Na ce kofin yana ƙarƙashin gadona tun ranar, Kawu bai taɓa shan ruwa da shi ba. Na juya wajen Baba na durƙusa na ce ya yafe mini.

Baba ya dafa sandarsa da hannu biyu, yana kallon ƙasa. Sannan ya ce:

"Na san hannunka ya motsa, ai ni na hwaɗa. Abin da ban sani ba shi ne dalilin shi. Na zamna shekara goma sha takwas ina cewa mutumin nan ya saida ni da kohin dalma." Ya ɗago ya kalle ni. "Da ya ja ni gehe ya ce mani surukin yaron na bisa benci, wallahi da hannuna zan ɗaga ƙarhen nan. Shi bai iya buɗe baki ba, kai kuma ka iya, ka ƙi. Kohi ya dame ni? Abokina ka ci mani, yaro. Cuku nawa na maida mashi?"

Ya tashi ya tafi, ba wanda ya iya tsayar da shi. Makanikin ya tsaya da jaka a hannu, bai san inda zai ajiye ta ba, daga ƙarshe ya rataye ta a reshen bedi. Har yau maganar jagoranci ba a sake tada ta ba, ni ma ban tambaya ba. Da na koma gida na gaya wa matata, ta ce da mahaifinta ya gani a ranar, lallai da ba a yi auren ba. Ta shiga ɗaki ta jawo kofin daga ƙarƙashin gado, ta wanke shi ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Da safe na ɗaure shi a bayan babur na nufi Kambarawa. Na iske Baba zaune gaban kekensa, bai ɗora komai a kai ba. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na ajiye kofin, ya karkace ya faɗi, na tokare shi da dutse. Ya kalle shi ya ce, "Mi zan yi da wannan, in zuba maɓallai?" Sannan ya jawo sandarsa ya ce, "Ka san inda kuka aje Alhaji. Tashi ka kai ni."

Na kai shi maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Ya miƙo mini sandar, ya tsuguna da ƙyar ta wajen kai, ya yi sallama, ya daɗe yana addu'a. Ni ma daga baya na yi tawa, kuma ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya taya ni. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya rufa masa asiri a ranar awo kamar yadda ya rufa mini, kada ya kama shi da laifin da soyayyata ta sa shi.

Da Baba ya shafa, bai tashi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar, ya ɗaga murya yadda ake ɗagawa a fili don kowane ɓangare ya ji, ya ce:

"To, Alhaji. Na yarda."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Ya karɓi sandarsa, ya share fuska da hannun riga, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Kai kuma ba yau ba," in ji shi. "Tada babur."

Na tada. Hanyar maƙabarta duk ramuka ce, da muka shiga na farko sai na ji ya dafa kafaɗata, bai kuma ɗauke hannun ba har muka isa Kambarawa.